Baƙo a Birnin Shehu: tambayoyi da amsoshi kan abin gani da abin yi a Sakkwato da kewayenta

Waɗannan su ne tambayoyin da baƙi suka fi yi kafin su taso zuwa Sakkwato, ko ɗalibin da ya samu gurbi a jami'a, ko ɗan bautar ƙasa, ko mai zuwa ɗaurin aure, ko wanda ya ɗaura niyyar ziyara. Wasu amsoshin gajeru ne don tambayar ba ta buƙatar dogon zance. Inda maganar take da nauyi kuwa na tsaya a kanta.

Wai akwai abin gani a Sakkwato kuwa, ban da zafin da ake faɗa?

Akwai, amma sai ka san abin da ka zo nema. Wanda ya zo neman dogayen benaye da manyan wuraren shaƙatawa irin na Abuja zai koma yana cewa bai ga komai ba. Abin da Sakkwato take da shi tarihi ne wanda har yanzu mutane suke zaune a cikinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa garin a 1809 a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, a kan tudu kusa da inda Gulbin Sakkwato ya haɗu da Gulbin Rima. Mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tare a nan a 1815, ya rasu a 1817. Gidan da ya zauna, masallacin da ke ɗauke da sunansa, shiyoyin da almajiransa da waziransa suka kafa, duk suna nan, kuma jikokinsu ne a ciki.

Abu na biyu da baƙi suke mantawa shi ne garin ya daɗe da tsallake ganuwarsa. Ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu sun cika, gine-gine sun malala cikin Wamakko da Dange-Shuni da Kware da Bodinga. Arkilla da Kalambaina da Bado da Dambuwa, waɗanda ake lissafawa unguwannin Sakkwato a yau, a ƙasar maƙwabta suke. Rabin abin da zan ba ka shawara ka gani a waɗannan gefuna yake: fadama, gulbi, kasuwannin ƙauye, tsofaffin garuruwan jihadi.

Kwana ɗaya tak gare ni. Daga ina zan fara?

Fara da Hubbaren Shehu, kuma ka je da sassafe kafin rana ta ɗaga. Hubbare gidan Shehu ne tun asali, a cikinsa aka binne shi, shi ya sa ba ya kama da maƙabarta ta gari. Za ka bi zaure, ka ratsa fili, ka isa ɗakunan da kaburburan suke. Ban da Shehu, akwai wasu daga cikin 'ya'yansa da iyalinsa da sarakunan Musulmi da dama, har da na baya-bayan nan kamar Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido wanda ya rasu a hatsarin jirgin sama a 2006. A nan ma 'yar Shehu, Nana Asma'u, take kwance. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ita ta tsara karatun mata na 'Yan Taru, inda jajis, wato shugabannin mata, suke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a wurinta su koma su koyar.

Ka ɗan tsaya a bakin ƙofa ka kalli masu shigowa. Za ka ga tsofaffin mata sun sauko daga motar da ta kwaso su tun daga Nijar ko Zamfara, kowace da ƙunshin gero ko 'yan kuɗin sadaka a ƙulle a bakin zane, takalma a hannu, suna tafiya a hankali a kan ƙasar da ta fara ɗumi. Ba su zo yawon buɗe ido ba. Hanyar da kakanninsu suka bi tun zamanin Nana Asma'u ita suke bi. A ganina wannan shi ne babban abin gani a Sakkwato, ya fi kowane gini.

Daga Hubbare Masallacin Shehu ba nisa. Daga nan sai ka gangara Kanwuri inda fadar Sarkin Musulmi take da Masallacin Sarkin Musulmi Bello a gefenta. Duk wannan da ƙafa ake yinsa idan da safe ne. Kafin azahar ka leƙa gidan tarihi, ka huta lokacin da rana ta take, bayan la'asar kuma ka fita Kwalkwalawa bakin gulbi.

Mata suna shiga Hubbare? Me ya kamata a kiyaye?

Suna shiga, su ne ma suka fi yawa a wasu ranakun. Hajiya ta sa hijabi ko babban mayafi. Kowa zai cire takalmi. Kada ka ɗaga waya ka fara ɗaukar hoto sai ka tambayi masu kula da wurin, kuma kada ka ɗauki fuskar mai ziyara ba da yardarta ba. Ka tanadi canji, domin akwai mabuƙata da yawa a hanyar shiga, kuma masu yi maka jagora ma ana yi musu ihsani.

Akwai saɓani tsakanin malamai kan wasu abubuwan da wasu maziyarta suke yi a wurin, kamar ɗibar ƙasa ko shafar bango. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne ka yi sallama ga mamata, ka roƙa musu gafara da rahama, roƙonka kuma ga Allah shi kaɗai. Shehu da kansa ya shafe rayuwarsa yana karantar da wannan. Ba wurin jayayya ba ne, in ka ga abin da bai kwanta maka ba ka yi naka ka wuce.

Ana barin baƙo ya shiga fadar Sarkin Musulmi?

Harabar waje kowa yana iya gani. Shiga ciki ko gaisuwa kuwa sai da izini, ta hannun ma'aikatan fada, kuma ƙungiya ko makaranta gara ta rubuto takarda tun kafin ranar. Sarkin Musulmi na yanzu, Mai Alfarma Muhammadu Sa'ad Abubakar, shi ne na 20, ya hau a watan Nuwamba 2006. Mahaifinsa Sarkin Musulmi Abubakar na III ya yi shekara 50 a kan gadon, daga 1938 zuwa 1988, shi ya sa za ka ji sunansa a filin jirgin sama da tituna da makarantu.

Idan kana son ka ga fada a raye, zo ranar Juma'a ka yi salla a Masallacin Bello, ka ga fitowar dogarai da jajayen riguna da rawuna. Da Salla kuma ana fita Faƙon Idi. Kada ka zo da tsammanin hawa irin na Kano ko Katsina ko Zazzau mai kwana da kwanaki. Sarautar Sakkwato ta malanta ce tun tushe, kwarjininta a natsuwa yake, kuma masu sarautar da za ka gani a gefen Sarki, irin su Waziri da Magajin Gari da Magajin Rafi da Galadiman Gari, gidajensu tun zamanin jihadi suke riƙe da waɗannan muƙamai.

Ina ne gidan tarihi, kuma ya cancanci a ɓata masa lokaci?

Ya cancanta. Sunansa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, an sa mata sunan Wazirin Sakkwato Junaidu, malamin tarihi kuma marubuci wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997. A ciki akwai makaman yaƙi, tutoci, tambura, tufafin sarauta, kayan sana'o'in gargajiya, da kuma abin da ya fi duka daraja: littattafan da aka rubuta da hannu da wasiƙun sarakuna da takardun mulki na zamanin Turawa. Ofishin gwamnati ne, saboda haka ka je ranar aiki, da safe.

Ka roƙi a nuna maka rubutun hannu ko da guda ɗaya ne. Takarda ce da ta yi ja saboda tsufa, tawada baƙa, wasu kalmomin da ja, sharhi a gefe da ƙananan haruffa inda wani almajiri ya ƙara bayanin malaminsa. Shehu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello sun bar littattafai masu yawan gaske kan fiƙihu da mulki da magani da tarihi, kuma har yanzu akwai kwafe-kwafe a gidajen malamai cikin gari, a cikin gafaka, inda gara da ɗumi da ƙura suke cinsu a hankali. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Duk mai hali da ya zo ziyara ya ga wannan, ya sani cewa taimakon da za a yi wa waɗannan takardu, na adanawa da ɗaukar hotonsu a kwamfuta, sadaka ce mai gudana.

Ganuwar gari fa? Da ƙofofi?

Ganuwar kusan duk ta tafi, gidaje da tituna sun cinye ta. Sunayen ƙofofin ne suka rage a bakin mutane, sai 'yan gine-ginen da aka yi don tunawa: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Kade, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Aliyu Jodi. Idan ka hau babur ka ce a zagaya da kai ta waɗannan wurare za ka gane girman tsohon birnin, ka kuma ga yadda sabon ya ninka shi sau da yawa.

Wajen ganuwar ta kudu ne aka yi karon ranar 15 ga Maris 1903, lokacin da sojojin Ingila suka zo da bindigogi masu sarrafa kansu. Wurin shi ake kira Giginya, kuma daga nan filin wasa da barikin soja da otal suka samo sunan. Sarkin Musulmi Attahiru na I, wanda bai fi 'yan watanni a kan mulki ba, ya ƙi zama a ƙarƙashin Turawa, ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi, cikin Jihar Gombe ta yanzu, a watan Yuli na shekarar. Ragowar mutanensa suka ci gaba har Sudan, inda zuriyarsu suke a garin Mai Wurno. Yawancin masu shiga filin Giginya kallon ƙwallo ba su san a kan me suke tsaye ba.

Wace tsaraba zan saya wadda ta Sakkwato ce ta gaske?

Fata. Jar akuyar Sakkwato tana da fata mai laushi da ƙarfi wadda tun ƙarnonin baya fatake suke ketare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su. Har yau majema suna jima ta da bagaruwa, su rina ja da karan dafi, dukawa kuma su ɗinka. Ka nemi a kai ka Shiyar Madunka cikin tsohon gari, inda za ka same su zaune a zaure, fata a kan cinya, basilla a hannu, yaro a gefe yana yanka siraran zare na fata. Akwai tumtum na falo, jaka, takalma, zabira, gafakar Alƙur'ani, kuben wuƙa, kayan doki.

Ga yadda za ka bambance. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana da ƙamshinta, kuma in ka lanƙwasa ta ba ta tsagewa. Ka juya cikin jakar ka duba ɗinkin, na hannu ba ya zama daidai ɗaya kamar na keke, amma ya fi riƙo. Tumtum kuma a saye shi babu ciko, a naɗe shi cikin kaya, a cika shi a gida. Ka yi ciniki, al'ada ce, amma kada ka matse mai sana'a har ya sayar maka a faɗuwa. In ya ce maka «Alhaji, wallahi ba ta hita hakanan», yawanci gaskiya ya faɗa. Masu wannan aiki suna raguwa, 'ya'yansu da yawa sun koma haya da babur.

Idan kana son ƙarfe, ka wuce Maƙera Assada, shiyar maƙera, inda ake ƙera hauya da garma da lauje da wuƙa. Tun daga nesa za ka ji masaba tana sauka a kan uwar maƙera. Ga masu son tsarabar ci kuwa, kilishi da albasa da tafarnuwa.

Wace kasuwa ta fi dacewa baƙo ya shiga?

Ya danganta da abin da kake so. Babbar kasuwar gari, wadda ake ce wa Sabuwar Kasuwa, ita ce ta atamfa da shadda da kayan masarufi, ko da yake gobarar da ta tashi a watan Janairu 2021 ta yi mata babbar ɓarna. Tsohuwar Kasuwa ta fi kayan gargajiya. Amma in ni ne kai, Kara zan fara zuwa, kasuwar dabbobi. A nan za ka ga shanun gudali farare masu gajeren ƙaho da babban tozo, tumaki uda da balami, jajayen awaki, da raƙuma a durƙushe suna tuƙa. A ƙasar Sakkwato raƙumi ba abin kallo ba ne, da shi ake huɗa a gona, shi ke ɗauko kara da hatsi daga ƙauye, kuma ana cin namansa.

Kasuwannin mako na waje sun fi armashi ga mai lokaci. Achida, a hanyar Wurno, tana ci ranar Laraba. Illela, a bakin iyaka da Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, tana ci ranar Lahadi, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na wannan yanki. Ka tambayi halin hanya kafin ka kama ta.

An ce in fita bayan gari. Me ke can?

Ruwa da kore, abin da baƙo ba ya tsammani a Sakkwato. Ka kama hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Da ka bar gidajen gari ƙasa za ta gangara, sai ga fadamar Rima ta buɗe hagu da dama. Da rani, lokacin da tudu ya bushe ƙurmus, nan kore ne shar: albasa, tafarnuwa, tumatir, tattasai, shinkafa, alkama, rake, dankali. Injinan ban ruwa suna ta ƙara, manoma cikin laka har gwiwa. A Kwalkwalawa, bakin gada, mata da yara suna jera kayan lambu da aka tumɓuke a ranar, masunta kuma suna fito da kifi, wani ɗanye wani soyayye. Sayen albasa a nan ya fi na cikin gari sauƙi, kuma da idonka za ka ga gonar da ta fito. Da damina kuwa gulbin yana cika ya shafe fadamar. A 2010 ambaliya ta karya wannan hanya har jami'a ta yanke daga gari na wani lokaci.

Jami'ar kanta an kafa ta a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato kafin a sa mata sunan Shehu. Tana da faɗi sosai, da ƙauyuka a cikinta da kewayenta, ga Dundaye nan kusa. Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta jami'ar ce take shirya musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa tun 1986.

Ta yamma akwai Kalambaina, inda masana'antar siminti take aiki tun 1967, yanzu a hannun kamfanin BUA. Dalilin kafa ta a nan shi ne farar ƙasa mai yawa da ke ƙarƙashin yankin. Wannan dutse kuwa a ƙarƙashin teku ya taru, miliyoyin shekaru da suka wuce, lokacin da ruwan teku ya ratso ta inda Sahara take a yau. Shi ya sa ake tsintar ɓawon dodon koɗi da haƙoran kifi da suka zama dutse a tuddan Kalambaina da Dange da Wurno, har masana suka sa wa wani tsohon kada da aka tono a yankin suna daga sunan Sakkwato. Malamin makaranta da ya kawo ɗalibai zai samu darasi a nan wanda babu shi a allo. Gaba da Kalambaina sai garin Wamakko a bakin gulbi. Ta arewa kuma, a hanyar Illela, akwai tafkin Kware da gonakin rake a gefensa.

Sauran wuraren jihadi fa, irin su Degel da Wurno?

Mafi kusa kuma mafi sauƙi ita ce Sifawa, a ƙaramar hukumar Bodinga, kan hanyar da ta nufi Yabo da Tambuwal. A nan Shehu ya zauna yana karantarwa da rubutu bayan an ci Alƙalawa a 1808, kafin ya koma Sakkwato. Wurno tana arewa maso gabas, a kan tudu mai kallon fadamar Rima. Ribaɗin Muhammadu Bello ce, a can ya rasu a 1837, kuma a can hubbarensa yake. Wasu sarakunan bayansa ma a can suka fi zama, har Bature matafiyi Heinrich Barth da ya zo a 1853 a zamanin Aliyu Babba ya yi kwanaki a garin. Degel, inda Shehu ya tashi ya tara jama'a kafin hijirar 1804 zuwa Gudu, tana ƙasar Gwadabawa. Kabarin Malam Abdullahi yana Gwandu, cikin Jihar Kebbi. Akwai kuma kufan Surame, birnin Kanta na Kabi tun ƙarni na 16, mai ganuwar dutse, da kufan Alƙalawa ta Gobir a ƙasar Sabon Birni.

Jerin yana da daɗin karantawa, amma ba duka ake zuwa yanzu ba. Dubi tambaya ta gaba.

Maganar tsaro fa? A faɗa mini gaskiya.

Cikin gari da unguwannin gefensa mutane suna harkokinsu dare da rana. Matsalar tana karkara. Gabashin jihar, wato Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo da wasu sassan Wurno, ya sha fama da 'yan bindiga shekaru da dama, haka ma yankin Tangaza da Gudu da Binji ta arewa maso yamma. Mutanen waɗannan wurare suna cikin wahala ta gaske, da yawa sun baro gonakinsu suna zaune a gefen birni. Saboda haka Alƙalawa da Gudu da Surame ba wuraren da zan tura baƙo ba ne a wannan hali. Madatsar ruwa ta Goronyo ma, duk da kyanta, sai an bincika. Wurno da Degel da Illela kuwa ka tambayi mai masaukinka da direbobin tasha a ranar da za ka tafi, ba labarin makon jiya ba. Ka fita bayan gari ya waye, ka dawo kafin la'asar sakaliya, kada ka yi tafiyar dare a kowace babbar hanya, har da ta Gusau.

Wane lokaci ya fi kyau a zo?

Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. Lokacin an gama kaka, abinci ya wadata, fadama ta fara kore, da safe har sai ka nemi rigar sanyi. Sai dai hazo yana iya hana jirgi sauka, kuma mai asma ya zo da maganinsa da abin rufe hanci.

Maris zuwa Mayu shi ne zafin da ka ji ana faɗa, kuma ba ƙari aka yi ba. Ma'auni yana haura digiri 40 kwana da kwanaki, iskar tsakar rana kamar daga bakin tanda take fitowa. In dole ta kawo ka a lokacin, yi yadda 'yan gari suke yi: a gama harka kafin ƙarfe 11, a nemi inuwar dogon yaro ko ɗaki har la'asar, a sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo, a kwana inda iska take shiga. Tsofaffi da ƙananan yara a kula da su sosai, lokacin sanƙarau ne kuma. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, gari yana yin sanyi da kyau amma sauro yana yawa.

Me zan ci?

Fura da nono tukuna. A Sakkwato fura abinci ce, ba abin sha na marmari ba, mutum yana iya wuni a kanta ya yi aikin gona. Ka nemi wadda aka dama a gabanka cikin ƙwarya, da nono mai tsami kaɗan, ka ce a rage sukari don ka ji gero da kayan yaji. Sai tuwon shinkafa ko na gero da miyar kuka ko ta yakuwa, masa da safe, dambu, kwaɗon zogale da na rama. Ka tambayi hoce, wanda ake yi da garin dawa a gasa, a marmasa shi a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da mai da albasa da yaji. Ba kowane gidan abinci ke yinsa ba, a hannun mata masu talla ko a gida ake samu. Da dare kuma tsire da balangu da gasasshen kifi, sai shayi a teburin mai shayi inda hirar gari take.

Yaya ake zirga-zirga, kuma ina zan sauka?

Babur ɗin haya, wanda a nan ake kira kabu-kabu, da Keke Napep su ne abin hawa. Ku yi ciniki kafin ka hau. Don fita waje gara ka ɗauki shatar mota da direba ɗan gari. Filin jirgin sama na Sultan Abubakar III yana kudu da gari, jirage suna zuwa daga Abuja da Legas. Masauki akwai tsofaffin manyan otal kamar Giginya da Shukura, da ƙananan gidajen baƙi da yawa. Tambaya ɗaya za ka yi kafin ka biya, musamman da bazara: wuta tana kwana, ko ana kashe janareta da tsakar dare?

Akwai abin yi da yamma, ko na yara?

Sakkwato gari ne mai kwanciya da wuri in aka kwatanta da Kano. Da yamma akwai ƙwallo a filin Giginya idan ana kakar wasa. Bayan girbi kuma dambe da kokawa suna tashi, kuma wannan yanki gidansu ne: kalangu yana tashi, 'yan Kudu da Jamus da Guramaɗa kowa da ɓangarensa, maroƙa suna zuga. Ka tambayi masu babur inda ake yi a lokacin, sun fi kowa sani. Da azumi kuwa tafsiri ne ko'ina, a masallatai da ƙofofin gidajen malamai.

Yara sun fi jin daɗin Kara da bakin gulbi fiye da kowane wurin wasa da aka gina. A riƙe hannunsu a gada, kada a bar su su shiga ruwa.

Ni ba Musulmi ba ne. Zan sake a garin?

Za ka sake. Akwai Kiristoci da yawa a Sakkwato, 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai, wasu a nan aka haife su. Akwai majami'u, ciki har da babbar majami'ar Katolika inda Bishop Matthew Hassan Kukah yake jagoranci tun 2011. Abin da ake so gare ka shi ne sutura mai rufe jiki, girmama lokacin salla, da kiyaye harshe kan abin da ya shafi addini, domin a nan ba a ɗaukar wannan da wasa ko kaɗan. Gidan tarihi da kasuwanni da wuraren masu sana'a duk a buɗe suke gare ka. Hubbare da masallatai kuwa ka tafi da ɗan gari, ya nema maka izini tukuna.

In na samu ƙarin kwana, in wuce Argungu?

Wuce. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba a mota. Bikin kamun kifin ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi bayan dogon zamani na yaƙi, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake karewa a 2016. Ba kowace shekara ake yin bikin ba, saboda haka ka tabbatar an sa rana kafin ka shirya dominsa. Ko babu biki, gidan tarihi na Kanta yana buɗe, a tsohuwar fadar sarakunan Kabi, kuma za ka ji labarin ƙarni na 19 daga bakin waɗanda suka yi yaƙi da Sakkwato, abin da zai cika maka wanda ka ji a nan. Ka tsaya Matan Fada ka ga gulbin, ka ci kifi, ka kamo hanyar dawowa da rana tsaka.